Tsokaci a kan Waƙoƙin Zamani na Ƙasashen Sikandinabiya

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ni dai da can duk kiɗan da ya fito daga Turai sunansa ɗaya a wurina, wato kiɗan Turawa, kuma ban taɓa zaton akwai abin nazari a cikinsa ba. Wani abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai ne ya karya mini wannan ra'ayi. Wansa ya yi karatu a Suwidin, ya dawo da tarin waƙoƙi, shi kuwa ya riƙa tsakuro mini su ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan bayaninta. Cikin zango guda na saurari mawaƙan Suwidin da Norwe da Danmak fiye da yadda na yi niyya. Abin da zan yi a nan shi ne in auna su da ma'aunin da muka saba, wato jigo da salo da sarrafa harshe, sannan in faɗi inda nake ganin shawarar abokina ta gaza.

Jigo da Salo

Da ƙungiyar ABBA ya fara ni. Mutum huɗu ne, maza biyu mata biyu, suka haɗu a birnin Sitokhom, duniya ta san su a 1974 da suka ci gasar waƙa ta Turai da waƙar "Waterloo". Farkon ji na ɗauka kiɗan rawa ne kawai. Sai da na maimaita na lura cewa kiɗan da jigon ba hanya ɗaya suke bi ba. Kiɗan yana tsalle, amma maganar da ke ciki ta rabuwa ce da kaɗaici, kamar yadda ake ji a "SOS" ta 1975. Wannan saɓani shi ne ƙarfinsu. Ƙafa tana motsi, zuciya tana sosuwa, mai sauraro bai san wadda zai bi ba.

Abin ya kai matuƙa a "The Winner Takes It All" ta 1980. Björn Ulvaeus ne ya rubuta kalmomin bayan aurensa da Agnetha Fältskog ya mutu, ita ce kuma ta rera su, a bakin macen da aka rabu da ita. Fiyano yana gangarowa a hankali, murya tana hawa, amshi kaɗan ne. Mai nazarin waƙa zai tsaya a nan ya yi tambaya: muryar wa muke ji, ta marubuci ko ta mai rerawa? Namiji ya tsara wa tsohuwar matarsa baƙin cikin da za ta furta a gaban duniya. Ni ina ganin wannan ne ya sa waƙar take da nauyi, kuma shi ne ya sa take da ɗan ɗaci.

Ta fuskar salo kuwa, gwanintarsu a ɗakin ɗaukar murya take. Injiniyansu Michael Tretow ya riƙa ɗaukar kiɗa ɗaya sau da yawa yana ɗora wani kan wani, har muryoyin mata biyu su cika kunne kamar taron 'yan amshi. Haka ma ƙungiyar a-ha ta Norwe, wadda "Take On Me" ɗinta ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1985. Muryar Morten Harket tana tashi daga ƙasa ta ƙure sama cikin amshi guda. Sai dai idan aka cire muryar da kiɗan aka ajiye kalmomin a takarda, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. An taɓa fitar da waƙar a 1984 ba ta yi kasuwa ba, sai da aka sake ɗaukarta aka haɗa ta da hoton bidiyo mai zanen fensir.

Sarrafa Harshe

A nan ne damuwata take. Duk waƙoƙin da abokina ya fara ba ni da Ingilishi aka yi su, alhali ba harshen uwa ba ne ga ko ɗaya daga mawaƙan. ABBA ma sun samu damar rera "Waterloo" da Ingilishi ne domin an sassauta dokar harshe a gasar tun 1973. Ingilishin nasu mai sauƙi ne, an zaɓi kalma saboda daɗin furucinta kafin a dubi ma'anarta. Wannan ya buɗe musu kasuwar duniya, amma ya rage musu azanci, don da wuya ka ji habaici ko karin magana irin wanda mutum yake yi da harshen da ya tsotsa.

Labarin Roxette ya nuna yadda abin yake tafiya. Marie Fredriksson da Per Gessle sun yi suna a gida, waje kuwa shiru, sai wani ɗalibi Ba'amurke da ya je karatu Suwidin ya koma da faifansu ya kai wa wani gidan rediyo a Miniyafolis. Daga nan "The Look" ta zama ta ɗaya a Amurka a 1989. Shawarar mutum guda ce ta yi wannan aiki. Amma da faifan da Suwidanci yake, anya gidan rediyon zai saka? Ko ɗan Nijeriyan nan Alban Nwapa, likitan haƙori da aka sani da Dr. Alban, wanda ya yi "It's My Life" a Suwidin a 1992, ta ƙofar Ingilishi ya fita.

Da na matsa wa abokina da wannan ƙorafi, sai ya koma wurin wansa ya samo mini wasu. Ƙungiyar Kent ta garin Eskilstuna da Suwidanci ta yi waƙoƙinta. Sun gwada juya faifai biyu zuwa Ingilishi, kasuwar waje ba ta karɓa ba, suka koma harshensu, faifansu na 2002 ya zama cikin mafiya karɓuwa a ƙasar. Ban iya Suwidanci ba, da fassara na bi su, duk da haka na ji kalma ta zauna daram a kan kari. A Danmak ma Kim Larsen da harshen ƙasarsa ya yi suna, mutanensa suka riƙe shi nasu, mu kuwa ko sunansa ba mu ji ba.

Wadda ta fi girgiza ni ita ce Mari Boine, 'yar ƙabilar Sami ta arewacin Norwe. An daɗe ana danne harshensu a makarantu, masu wa'azi kuma suna ƙyamar rerawarsu ta gargajiya da ake kira yoik. Faifanta "Gula Gula" na 1989 galibi da harshen Sami ta yi shi, ganga da murya ne a gaba, jita tana biye. Duk wanda ya saba da waƙar baka zai gane wannan zubi tun kafin a fassara masa kalma ɗaya.

Kammalawa

Hukuncina shi ne, ABBA sun cancanci sunan da suka yi, a-ha da Roxette sun iya ƙera amshi mai kama kunne, amma wanda ya tsaya a kansu ya ga kayan da aka ɗaure don fitarwa waje ne, bai shiga cikin gida ba. Manhajar Spotify, wadda ita ma a Suwidin aka kafa ta a 2006, tana ba mutum irin abin da ya riga ya so. Aboki kuwa ana iya yi masa musu, har ya koma ya sake bincike, kamar yadda nawa ya yi. Saboda haka ina ba 'yan'uwa shawara, idan aka miƙo muku waƙar wata ƙasa, ku karɓa da godiya, sannan ku tambayi wadda mutanen ƙasar suke rerawa da harshensu. Wanda kuma yake da sukar wannan tsokaci, filin mujallarmu a buɗe yake.