Jinjina Ga Ɗaliban Da Suka Ƙi Yin Shiru

A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ninninka kuɗin karatun manyan makarantun Jihar Kaduna. Ga manomin masara na Kurmin Kogi ko Kudan, hakan na nufin sayar da hatsin gida, ko yaro ya dawo gona.

Ɗalibai suka fito zanga-zanga, iyaye suka yi ta kai kuka gidajen rediyo, har batun ya shiga bakin 'yan takara. Ɗaliban sun cancanci yabo, domin da dama sun yi kasada da gurbin karatunsu.

A Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin: Jami'ar Jihar Kaduna daga naira 150,000 zuwa 105,000. Ragin ya haɗa da kwalejin lafiya ta Shehu Idris, Makarfi.