Maganin Taɓin Hankali: Yabo da Gyara

A shekarar 1952, a wani asibiti na birnin Faris, likitoci biyu, Delay da Deniker, suka gwada wa masu taɓin hankali maganin nan da aka sani da suna Largactil. Waɗanda ke jin muryoyin da babu su suka sami sauƙi. Lalle abin godiya ne, gama ya fi turu da mari nesa ba kusa ba.

Amma masu cewa ƙwaya ta gama aiki sun yi gaggawa. Ita dai tare hanyar wani sinadarin ƙwaƙwalwa take yi, watau dofamin. Tana kwantar da ciwon, ba ta tumɓuke saiwarsa. Takan kuma kawo gyangyaɗi, da rawar hannu, da sandarewar jiki, har majiyyaci ya gaji ya bar sha, ciwo ya komo.

Dubi dabarar Likita Lambo a Aro, kusa da Abekuta, a 1954. Ya sauki majiyyata a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mai majiyyaci ya tsaya masa. In magani ya dame shi, a gaya wa likita, kada a dakatar da ka. Allah ya ba mu lafiya.