Faifan Bege na Patsy Cline

A ƙasar Amurka, can wajen kudu, akwai wani irin kiɗa da a ke kira kantiri, watau kiɗan mutanen ƙauye. Asalinsa na manoma ne da masu haƙar kwal da makiyaya, talakawan Turawa waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku daga Ingila da maƙwabtanta da gogensu da waƙoƙinsu. Wanda ya saba da sauraron rediyo a ƙasarmu ba zai rasa jin muryar Jim Reeves ko Don Williams ba. To, irin kiɗansu ke nan. Da yawa daga waƙoƙin nan a kan bege su ke: wanda a ke so ya tafi, an bar mai so da tagumi.

Faifan da za mu duba na wata zabiya ne, Patsy Cline. Sunansa Sentimentally Yours, kamfanin Decca ya fitar da shi cikin watan Agusta 1962. Sunan nan irin maganar da a ke rufe wasiƙa da ita ce, kamar dai mace ta rubuta "taka mai begenka" kafin ta sa hannu. Waƙoƙi 12 ne, shida a kowane gefen faifan garmaho, duka kamar rabin sa'a.

An haife ta a Winchester, cikin jihar Virginia, a 1932. Uwarta maɗinkiya ce. Da uban ya bar gida, sai ta bar makaranta tana da shekara 16, ta kama aiki a wani kantin magani don a sami na tuwo. Waƙa kuwa da kunne ta koye ta. A watan Yuni 1961 ta yi mummunan hatsarin mota, ta yi kamar wata guda a asibiti, ta fito da tabo a goshi. Faifan nan shi ne na uku, shi ne kuma na ƙarshe da ta gani da idonta, gama ran 5 ga Maris 1963 ƙaramin jirgin saman da ya ɗauko ta ya faɗi a daji kusa da Camden, jihar Tennessee. Shekararta 30.

Cikin waƙoƙin nan 12, biyu kaɗai ne sababbi, ba kuwa ko ɗaya da ita ta tsara. Sauran goma duk an sha jinsu a bakin waɗansu. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In haka ne, me zai sa mutum ya fid da kuɗinsa ya sayi kwancen waƙa? Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi wa faifan, kuma ba kowace waƙa cikinsa ce ta iya amsawa ba.

Mu fara da inda amsar ta fito sosai. Uku daga cikin waƙoƙin an san su ne a bakin Hank Williams, sarkin mawaƙan kantiri, wanda ya mutu a bayan mota ran 1 ga Janairu 1953 yana da shekara 29. Mafi shahara ita ce Your Cheatin' Heart, inda a ke gaya wa maci amana cewa zuciyarsa da kanta za ta hana shi barci. Muryar Hank siririya ce, ta hanci, a tsattsage. In ya rera waƙar nan sai ka ji kamar mai jan Allah ya isa a bainar jama'a. Patsy ba ta bi sawunsa ba. Muryarta mai kauri ce, daga ƙirji ta ke fitowa. Ta kan bar makaɗa su yi gaba kaɗan, sa'an nan ta biyo su a hankali, ta ja kalma guda har ka ce numfashinta zai yanke. Can a tsakiyar kalmar sai muryar ta ɗan karye, kamar shessheƙa ta taso, nan da nan kuwa ta haɗiye ta. Kalmomin ba su sake ba, amma ma'anar ta sake. A bakinta waƙar ta zama maganar wadda ta riga ta kwana ba barci, ta san yadda daren ya ke, tana gaya wa wanda ya cuce ta abin da ke jiransa, har da ɗan tausayi a ciki.

Wannan haɗiye kuka shi ne dukan gwanintarta. Mace mai kururuwa a tsakar gida, maƙwabta su kan taru su ba ta haƙuri su watse. Amma wadda ta zauna tana tsince shinkafa, tana amsa gaisuwa lafiya lau, hawaye na tsaye a idonta bai zubo ba, ita ce a kan tafi da tunaninta gida. Ko wanda bai ji Turanci ba zai gane wannan a muryar Patsy, domin abin a numfashi ya ke.

Waƙar da ta fi kowace a faifan, a ganina, ita ce ta farko, She's Got You, wadda Hank Cochran ya tsara, ta kuma hau kan dukan waƙoƙin kantiri a Amurka a 1962. Hikimarta ƙidaya ce. Mace ce ta ke lissafa abin da masoyinta ya bari a hannunta, hoto, da faya-fayan da su kan saurara tare, da zobe. Kowane abu yana nan yadda ya ke, shi mai abin ne ya koma hannun wata. Ba ta zagi waccan ba, ba ta ma faɗi kamanninta ba. Sai mai karatu ya tuna dokar Amurka mace ɗaya ta yarda wa namiji. Wadda aka yi wa kishiya tana da ɗakinta da kwananta, komai zafin abin. Wannan kuwa ba rabon kwana, sai akwatin tarkace. Kiɗan ma an rage shi, fiyano ne ke ɗiga kaɗan kaɗan bayan muryar, kamar ruwan indararo bayan an ɗauke ruwa. Abin lura, wannan da ta fi duka tana cikin sababbin nan biyu, ba wanda ya riga ta rera ta. Ashe karin maganar nan tamu ba ta faɗi ƙasa ba.

Sai kuma inda faifan ya gaza. Mai shirya shi Owen Bradley ne, a birnin Nashville. A shekarun nan kiɗan samari irin na Elvis Presley ya ƙwace kasuwa, masu kantiri suka ga ciniki yana guje musu. Dabarar da Bradley da Chet Atkins suka yi ita ce su rage gogen ƙauye da jitar ƙarfe mai kuka, su kawo tarin gogen birni masu laushi, da fiyano, da 'yan amshi, don mutanen birni su saya. Ita Patsy da fari kayan makiyaya ta kan sa, waɗanda uwarta ta ɗinka mata, ta fi kuma son waƙa mai zafi, sun sha gardama da Bradley a kan haka. Gaskiya tasa ce da ya ce muryarta ta waƙar sanyi ce. Amma fa zuma ma in ta yi yawa ta kan gundura.

Ga misali. You Made Me Love You waƙar gidan wasa ce ta New York tun 1913, ba abin da ya haɗa ta da gona ko ramin kwal. Patsy ta rera ta tsaf, ba tuntuɓe, amma kamar mai sanye da zanen aro, tana kaffa-kaffa kada ya ɓaci. Heartaches kuwa, ta 1931, kalmominta na ciwon zuciya ne, kiɗanta na rawa. Sai ka rasa ko ta'aziyya ka zo ko biki. Na sani ta sami kasuwa har a Ingila, wannan bai sa na sake ra'ayi ba. Sa'an nan ga 'yan amshin, maza huɗu da a ke kira Jordanaires, waɗanda suka yi wa Elvis amshi shekara da shekaru. Gwanaye ne, ba shakka. Sai dai amshinsu sau da yawa ba magana ba ce, guɗa ce mai taushi da a ke shimfiɗa wa murya kamar katifa. Mace tana cewa ba ta da kowa, ga ƙarti huɗu a bayanta suna lallashi. Yaya za a gaskata ta?

Duk da haka a ƙarshen gefe na biyu faifan ya komo hanya. Nan aka jera sauran waƙoƙi biyu na Hank Williams, aka rufe da Lonely Street, inda mai waƙa ke cigiyar wani titi da marasa kowa su ke taruwa, ko ta sami wurin da za ta yi kukanta ba mai tambaya. A nan ba ta yi sauri ba, ba ta kuma nuna ƙarfin murya ba, ko da shi ke tana da shi. Yau faifan garmaho ya yi wuya, amma waƙoƙin suna nan a intanet, wayar hannu ma ta isa. Mai son ya gwada abin da na faɗa, sai ya fara jin Your Cheatin' Heart a bakin Hank, ya bi da ta Patsy, sa'an nan ya tsallake zuwa ukun nan na ƙarshe, da dare, bayan yara sun yi barci.