Tsokaci Kan Kalmar "Dayasfora" da Zaman Hausawa a Garwa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibai masu nazarin Hausawan da ke zaune a wajen ƙasar Hausa sukan ari kalmar "dayasfora" su yafa wa kowane rukuni, tun daga Kumasi har Sudan. Wannan takarda za ta auna kalmar da ra'in Abner Cohen a kan zaman Hausawan Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Kamaru, don a ga ko rigar ta yi musu daidai.

2.0 Ma'anar Kalmar

Asalin kalmar Girkanci ne, kuma tana nufin warwatsuwa, kamar yadda manomi ke watsa iri. An fara amfani da ita ne ga Yahudawan da suka bazu a wajen ƙasarsu. Safran (1991) ya kawo siffofin irin wannan al'umma, waɗanda suka haɗa da barin ƙasar asali zuwa wurare daban-daban, da riƙe tunaninta, da jin cewa masu masauki ba su karɓe su sosai ba, da burin komawa gida wata rana.

Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara wannan duka. Abin da take da shi kalmomi ne masu bayyana dalilin fita. Ɗan ci-rani yana fita bayan kaka ya dawo da damina. Farke yana bin hanya da haja don neman riba. Almajiri ilimi ya fitar da shi, mai hijira kuma addininsa yake tserarwa. Ɗan gudun hijira yaƙi ko yunwa ce ta koro shi. Wanda ya je ya zauna har ya hayayyafa, shi ake kira kaka-gida.

3.0 Ra'in Cohen

A littafinsa Custom and Politics in Urban Africa (1969), Cohen ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan. Ya nuna cewa Hausawan Sabo sun riƙe harshensu da sarkinsu da masallacinsu daban da na Yarbawa domin su kare cinikin shanu da goro da ke hannunsu, kuma rungumar ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ware su. Daga nan ya fito da ra'in dayasforar fatauci a 1971. Ƙarfin wannan ra'i shi ne ya nuna cewa riƙon al'ada a baƙunci yana da alaƙa da neman abinci. Rauninsa kuwa, an gina shi a kan gari guda, inda baƙo da mai masauki ba su taɓa zama ƙarƙashin sarauta ɗaya ba kafin zuwan Turawa.

4.0 Misalin Garwa

Garwa ta kafu a bakin kogin Binuwai a matsayin lamidancin Fulani a ƙarni na 19, cikin daular Fombina wadda Modibbo Adama ya kafa da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Fataken Kano da Katsina da suka bi ta Yola zuwa Garwa da Ngaundare da Banyo da Tibati, suna kai tufafi suna sayo hauren giwa da bayi, ba su fita daga Daular Sakkwato ba. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ce ta raba Yola da mafi yawan ƙasarta, sannan a 1901 Ingila ta ci Yola, Jamus ta kama Garwa. A 1915 Garwa ta fita daga hannun Jamus, daga baya ta zama ƙarƙashin Faransa. Ke nan iyaka ce ta iske zuriyar waɗannan fatake a inda suke zaune.

Na biyu, dalilin keɓewa irin na Sabo bai yi ƙarfi a nan ba. Bahaushe da Bafulatani addininsu ɗaya, alƙalinsu ɗaya, suna kuma auratayya. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi a Garwa, kuma ɗan Bahaushe yana tasowa da shi a baki, ga Faransanci a makaranta. Hatta sunan unguwar Hausare siffar Fulatanci ce, kamar Fulɓere ta Fulani da Kolere ta Barebari. Burin komawa Kano kuwa, wanda ya binne kakanninsa a Garwa ba shi da wani gidan da zai koma.

Ra'in Cohen ya fi dacewa da kudancin Kamaru, kamar unguwar Briqueterie ta Yawunde, inda ake kiran kusan duk Musulmin arewa da sunan Bahaushe. Siffofin Safran kuwa sun fi kusa da mutanen sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Barno.

5.0 Kammalawa

Batun ya wuce gardamar kalma. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya tanadi cewa shugaban majalisar kowane yanki sai ya kasance ɗan asalin yankin. A ƙasar da asali ke da wannan nauyi, mai nazarin da ya kira jikan jikan farke da sunan da ke nuna baƙunci ya ɗora masa hukunci, domin Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Saboda haka, kafin ɗalibi ya ari kalmar, ya kamata ya fara amsa tambayoyi uku game da mutanen da yake nazari: me ya fitar da su, wace iyaka suka tsallaka a lokacin da suka fita, kuma ina su kansu suke kira gida.