Tarihi a Layi Ɗaya: Gwanintar Tsara Fitowar git log

Duk wanda ya taɓa buga `git log` a kan aikin da ya kwana biyu ya san abin da ke biyo baya. Allo ya cika maƙil. Kowane canji da aka adana, wanda masu sana'ar ke kira komit, sai ya zo da lambar shaidarsa mai haruffa da alƙaluma 40, da sunan marubuci, da adireshin imel, da rana da sa'a har da daƙiƙa, sannan saƙon da aka rubuta. Komit biyar ko shida sun cinye fuskar kwamfuta. In aikin ya tara ɗaruruwa, sai ka yi ta gangarawa har ka manta abin da ya kawo ka. Git bai yi maka ƙarya ba, ya dai juye maka kayan ne gaba ɗaya, alhali abu ɗaya ka zo nema.

Gwani ba ya yarda da haka. Kafin ya taɓa maɓalli ya riga ya san tambayarsa, sai ya gaya wa Git siffar da yake so amsar ta fito da ita:

`git log --pretty=format:"%h %ad %an %s" --date=short`

Abin da ke tsakanin alamomin zance tsari ne mai gurabe. Duk inda alamar % ta zo da harafi a bayanta, gurbi ne da Git zai cike da wani bayani na komit ɗin. `%h` gajeriyar lambar shaida ce, `%ad` ranar da aka rubuta canjin, `%an` sunan wanda ya rubuta, `%s` kuma layin farko na saƙon, wato kanunsa. Sauran abin da ka sa, ko waƙafi ne ko kalmar Hausa, zai fito yadda ka rubuta shi. Da wannan, abin da ya ci layi shida ya koma layi ɗaya, aikin wata guda ya bayyana a gabanka ba tare da ka motsa yatsa ba. In ka sauko da ma'ajiyar Git ɗin kansa, ka ƙara `--reverse` a wannan umarni, layin farko da za ka gani shi ne lambar da ta fara da e83c516, kwanan wata 2005-04-07, da sunan Linus Torvalds. Ranar da ya adana komit na farko ke nan, bayan da masu gina Linux suka raba gari da BitKeeper, manhajar da suke amfani da ita a da. A watan Yuli na wannan shekara ya miƙa ragamar ga Junio Hamano, wanda har yau shi ke riƙe da ita. Su kuwa waɗannan gurabe, a 2007 Johannes Schindelin ya shigo da su, tun daga nan ake ta ƙara musu yawa.

Abin da ya fi burge ni a cikinsu shi ne ba haddar ka ake yi musu ba, akwai ƙa'ida. Babban harafi yakan ba da cikakken abu, ƙarami ya ba da taƙaitacce: `%H` lambar shaida ce cikakkiya, `%h` guntuwarta, `%P` cikakkun lambobin iyayen komit, `%p` guntayensu. Inda harafi biyu suka haɗu, na farko yana faɗa maka wane mutum, na biyu kuma me kake so game da shi. Harafin a na marubuci ne, c na wanda ya shigar da canjin cikin ma'ajiya. Sai ka liƙa n don suna, e don imel, d don kwanan wata, r don a ƙirga maka tun yaushe, kamar kwana uku da suka wuce. Wanda ya gane wannan zai iya haɗa `%ce` ko `%ar` da kansa ko bai taɓa ganin su a rubuce ba.

Mutanen Tamale, a ƙasar Gana, ba baƙi ba ne ga irin wannan fasaha ta zaɓen abin da za a ciro daga tarihi. Makaɗan Dagomba da ake kira lunsi, masu gangar da ta yi kama da kalangu, suna riƙe da jerin sarakunan Yendi da zuriyarsu a ka. Amma ba duka suke zazzagewa a kowane taro ba. In sun tari mutum a kasuwa ko wurin biki, kirarin kakansa kawai za su ciro. Doguwar tilawar tarihi tana da darenta da fadar da ake yin ta. Sanin tarihin rabin aikin ne, ɗaya rabin shi ne sanin abin da za a ciro wa wane, kuma a yaushe. Mai tsara `git log` wannan rabin na biyu yake yi.

Bambancin marubuci da mai shigarwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne sabon shiga ke ruɗewa. A aikin mutum ɗaya, sunan ɗaya ne, ranar ma ɗaya. Amma a Linux, inda komit suka haura miliyan ɗaya, mutum yakan rubuta gyara ya aika ta imel, wani mai kula da sashen ya duba, ya karɓa bayan mako biyu ko fiye. Git yana adana sunayen biyu da ranakun biyu, don kada haƙƙin wanda ya yi wahalar ya salwanta, kada kuma wanda ya buɗe ƙofa ya zame daga alhaki. Haka nan in ka sake jera komit ɗinka a kan wani reshe, ranar rubutu ba ta canzawa, ranar shigarwa ce ke sabuntawa. To, Git da ranar shigarwa yake jera tarihi. Shi ya sa wani zai sa `%ad` ya ga kwanakin sun hargitse, na ranar Laraba a saman na ranar Juma'a, ya ɗauka ma'ajiyarsa ta lalace. Lafiyarta lau. Ya sa `%cd` a gefe, nan take zai ga dalili.

Na ga amfanin wannan a hannun wani matashi a Gbalahi, unguwar da ke gefen Tamale wadda yawancin mutanen gari suka sani saboda babban jujin birnin da ke can. Yana aikin wata manhaja da abokansa, ɗaya a Kano, ɗaya a Maradi. Wuta ta ɗauke, data ta ƙare, shi kuwa ko a jikinsa, domin tarihin duka yana cikin kwamfutarsa, Git ba ya neman intanet kafin ya karanto shi. Yana so ya san komit nawa kowa ya yi, sai ya fitar da sunaye kaɗai da `%an`, ya tura su ga `sort` da `uniq -c` su ƙirga. Mutum uku ne ke aikin, amma jerin ya nuna shida. Na ce, "Ɗan'uwa, ashe kuna da yawa haka?" Ya girgiza kai ya ce, "A'a Malam, mu ukun ne dai. Wannan na Maradi, a kwamfutar ofis ya rubuta Mahamadou, a ta gida Muhammadu, wata rana kuma Mamman."

Kowane Bahaushe ya san wannan matsala. Sunan ɗaya ne, amma makarantar Faransanci ta rubuta shi daban, ta Ingilishi daban, Gana ma da nata salon. Bai taɓa tarihin ba, domin sauya tsohon komit yana sauya lambar shaidarsa da ta duk waɗanda suka biyo bayansa, abokan aiki su shiga uku. Sai ya buɗe wani ɗan fayil mai suna `.mailmap` a gindin ma'ajiyar, ya rubuta sunan da mutumin ya fi so tare da adiresoshin imel ɗinsa, ya mayar da `%an` zuwa `%aN`. Harafi ɗaya ya girma, shida suka koma uku. An gyara abin da ido ke gani, asalin rubutun yana nan yadda yake.

Sai batun agogo. Gana tana kan lokacin Greenwich, Najeriya da Nijar suna gabanta da sa'a ɗaya. Git yana adana kowace rana tare da yankin lokacin mai ita, don haka komit ɗin da aka yi a Kano da ƙarfe tara da rabi ya riga wanda aka yi a Tamale da ƙarfe tara, ko da yake ido zai ce akasin haka. Ranar da ake neman wane canji ne ya fara karya manhaja, wannan sa'a ɗaya tana iya sa a ɗora wa mara laifi laifi. Matashin ya rubuta `--date=format-local:"%d/%m/%Y %H:%M"`, duk lokutan suka dawo agogon Tamale, rana kafin wata, yadda muka saba rubutawa. A nan akwai tarko da ya kamata a lura da shi. Guraben da ke cikin tsarin kwanan wata wani gida ne daban. A can `%H` sa'a ce, `%d` kuma ranar wata. A tsarin komit kuwa `%H` lambar shaida ce, `%d` kuma sunayen rassa da tambarin da ke nuni ga komit ɗin.

Bayan an samu bayanin da ake so, sai a gyara masa zama. Sunaye ba tsawonsu ɗaya ba, Ali da Abdurrahman ba za su tsaya a sahu ɗaya ba sai an taimaka musu. `%<(16,trunc)%an` yana ware wa suna gurbi 16: gajere a cike masa da fili, dogo a datse shi a sa ɗigo biyu. Launi ma haka: `%C(yellow)` kafin lamba, `%Cgreen` kafin kwanan wata, `%Creset` don a koma yadda ake. Wasu na ganin wannan ado ne kawai. Ban yarda ba. Mutumin da ke duba tarihi sau da yawa a yini, in idonsa ya saba cewa rawaya lamba ce, kore rana ce, ya daina karantawa harafi-harafi, hango abin yake yi. In aka haɗa da `--graph`, zanen rassan zai fito a hagu, a ga inda aiki ya rabu da inda ya sake haɗewa. Ko babu zanen ma `%p` ya isa shaida: komit mai iyaye biyu haɗewar rassa ce, wanda ba shi da ko ɗaya shi ne tushe.

Akwai wata 'yar dabara da ba kowa ya san ta ba, kuma tana nuna irin kulawar da aka yi wa abin. Ba kowane komit ke da dogon bayani a ƙarƙashin kanunsa ba. In ka rubuta `%n%b`, waɗanda ba su da bayani za su bar maka layi fayau. In kuwa ka rubuta `%+b`, Git zai sauka sabon layi ne kawai in akwai abin da zai rubuta a kai.

Ba mutum kaɗai ke karanta wannan fitowa ba. Sau da yawa wata manhaja ce za ta karɓa, ko kuma ana so a zuba ta cikin Excel don rahoton wata ga mai ba da kwangila. A nan waƙafi ba abin dogaro ba ne, tunda saƙon komit ma yana iya ɗauke da waƙafi, ginshiƙai su rikice. Sai a raba da `%x09`, wanda ke saka tazarar tab, ko `%x00` in ana son abin da ba zai taɓa fitowa cikin rubutun mutum ba. Don kwanan wata kuma `%aI` ko `%at`, waɗanda na'ura ba ta jayayya a kansu. Sannan a san cewa `format:` tsakanin layuka yake sa rabewa, ba ya rufe na ƙarshe, saboda haka `wc -l` zai ba ka lissafin da ya gaza da ɗaya. `tformat:` shi ke rufe kowane layi. Wanda kuma ke aiki a tsohon baƙin allon Windows ya yi amfani da alamar zance mai biyu, mai ɗaya ba ta aiki a can, kuma a fayil ɗin bat sai an ninka kowace %.

Manyan ayyuka sun mayar da wannan al'ada. Takardar da ke koya wa mutane yadda ake aika gyara ga Linux ta tanadi cewa in kana gyara kuskuren wani tsohon komit, ka ambace shi da aƙalla haruffa 12 na lambarsa tare da kanunsa, har ta ba da tsarin da za ka adana, mai `%h` da `%s`, don kada ka kwafa da hannu ka yi kuskure. Dalilin 12 ɗin shi ne haruffa 7 da aka saba da su sun yi kaɗan ga ma'ajiya mai girman haka, lambobi biyu na iya farawa iri ɗaya. Tun daga 2016 ma Git da kansa yake tsawaita `%h` gwargwadon girman ma'ajiya. Inda kuma amana ta zama abin tambaya, `%G?` yana amsawa da harafi ɗaya tak: G in sa hannun na'ura ingantacce ne, B in gurɓatacce ne, N in babu shi sam. `%(trailers:key=Signed-off-by)` kuma yana ciro sunayen waɗanda suka rattaba hannu a ƙasan saƙo, a ga ta hannun wa da wa gyaran ya biyo.

Mai son gwadawa ba sai ya je nesa ba. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP, masu aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, a GitHub suke ajiye ayyukansu a buɗe. Ɗalibi a Jami'ar UDS ko Jami'ar Fasaha ta Tamale zai iya sauko da ɗaya lokacin da yake da data, ya koma ɗaki ya yi ta jujjuya tarihinta: wa ya fara, wace shekara aka fi aiki, wane fayil aka fi taɓawa. In ya dace da tsarin da ya kwanta masa, ba sai ya riƙa buga shi kullum ba, sai ya raɗa masa suna:

`git config --global alias.tarihi "log --graph --date=short --format='%C(yellow)%h%Creset %ad %<(16,trunc)%aN %s%C(auto)%d'"`

Daga ranar, `git tarihi` kawai zai rubuta. Sauran zaɓuɓɓuka duk suna hawa a kai: `git tarihi -10` don goma na ƙarshe, `git tarihi --since=2024-01-01` don abin da aka yi daga farkon 2024, ko ya sa sunan fayil a ƙarshe ya ga tarihin wannan fayil shi kaɗai. Cikakken jerin guraben kuma yana cikin kwamfutarsa tun ranar da ya saka Git, `git help log` zai buɗe masa shi.