Lambar Yabo da Murhun Shayi a Kasuwar Libiya

Kasuwar Libiya tana yamma da Omdurman, hayin kogin Nilu daga Khartoum. An ba ta sunan nan domin kayan da fatake suke kawowa daga ƙasar Libiya ta hanyar hamada. Kafin yaƙin 2023, wanda ya shige ta yakan tarar da Hausawan Sudan a cikin 'yan kasuwa, jikokin mahajjatan da suka yada zango ba su koma gida ba. Yakan kuma tarar da mata zaune bakin rumfuna da murhun gawayi, da buta, da 'yan kujeru, suna sayar da shayi.

Da yawa daga cikin matan nan yaƙi da fari ne suka koro su daga Darfur da Kordofan. Shekara da shekaru, maganar da ke tsakaninsu da hukuma guda ɗaya ce, wato samamen da mutanen Sudan ke kira kasha. Mota takan tsaya, a kwashe butoci da kujeru, sai mace ta biya tara kafin ta karɓi kayanta. Wanda ya aiko motar bai taɓa zama kan kujerar nan ya ji nawa ake samu a wuni ba, ko bakuna nawa ke jiran kuɗin a gida.

A hayin Khartoum ne wata mai shayi, Awadiya Mahmud Koko, 'yar asalin Kordofan ta Kudu, ta haɗa 'yan'uwanta mata suka kafa ƙungiyar haɗa kai a 1990. Ba ta da ofishi, ba ta da hatimi. Abin da take da shi, ita ma an taɓa kwashe mata kaya, saboda haka in ta yi magana matan sukan ji muryarsu ce. Ta nuna musu cewa dafa shayi sana'a ce, ba roƙo ba, wadda ta cancanci a ba ta izini a rubuce. Ta kuwa biya tsadar shugabancin, gama ta yi shekara huɗu a kurkuku saboda bashi.

A 2016 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo ta mata masu jaruntaka. Lalle ta cancanta. Amma yadda aka riƙa ba da labarin yana da aibi. An ɗauki mace ɗaya an ɗora bisa dutse, aka bar dubban da suka tara taro da sisi suka riƙe ƙungiyar sa'ad da take tsare. Mai jin irin wannan labari sai ya zaci shugaba wani tauraro ne da akan jira fitowarsa. Yabon kuma bai tsayar da motar kasha ba. Dokar kiyaye tsarin jama'a, wadda aka daɗe ana takura wa mata da ita, sai a Nuwamba 2019 aka soke ta, bayan faɗuwar Umar al-Bashir. A zaman dirshan na wannan shekara ma, Awadiya tana bakin tukunya tana ciyar da masu zanga-zanga.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya watsa Kasuwar Libiya, aka washe rumfuna. Dakarun RSF suka riƙe ta har ƙarshen Maris 2025, sa'ad da sojojin gwamnati suka sanar sun karɓe ta. Attajiri yana da takardar rumfarsa da zai nuna. Mai shayi kuwa, inuwar da take zama ba a taɓa rubuta ta da sunanta ba.