A bar mai kallo ya ga dutsen

Shekara da shekaru talabijin na yi wa masu kallon tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara rowar abin da ya fi komai muhimmanci, wato ƙasar da ake tseren a kanta. Kyamarar da aka girke a gefen hanya takan jawo ɗan tsere kusa, amma sai ta baje gangaren ya koma kamar faifai, ga ƙanƙara fara fat, tudu da kwari duk sun saje. Ɗauki hanyar Streif da ke Kitzbühel a Ostiriya. Tsawonta ya haura kilomita 3, tazarar samanta da ƙasanta mita 860 ce, kuma ana gama ta cikin ƙasa da minti biyu. Daƙiƙu kaɗan da tashi sai Mausefalle, wato tarkon ɓera, inda a duk mita 100 da aka yi gaba ƙasa ke zurmawa mita 85. A allo kuwa tsalle kawai za ka gani. Shi ya sa nake goyon bayan sabon salon nan na bin 'yan tsere da ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto, da zana taswirar hanya a kwamfuta yadda kowane tudu zai fito.

Dalilina yana cikin yadda su kansu 'yan wasan ke aiki. Kafin gasa sukan bi hanyar sannu a hankali, suna zamewa a karkace, suna tsayawa a kowace kwana suna haddace inda ƙasa ta karkata da inda ta yanke. A gasar Super-G ma ba a ba su gudun gwaji, wannan dubawar ce kaɗai guzurinsu. Can a bakin tashi za ka ga mutum ya runtse ido, tafin hannuwansa a gaba suna lanƙwasa dama da hagu, kansa na bin su: tseren yake yi a zuci. Hatta shuɗin layin da ake fesawa a kan ƙanƙara, don idonsa ya gane tudu ne idan rana ta ɓuya. To, idan gwanintar duka ta karanta ƙasa ce, mai kallon da aka ɓoye masa ƙasar agogo kawai aka bar masa. Ba zai san dalilin da ya sa wani ya rasa rabin daƙiƙa ba, alhali kuskuren ya faru ne tun a kwana ta biyu kafin nan.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A Disamba 2015, a Madonna di Campiglio ta Italiya, jirgin ɗaukar hoto ya rikito ya tarwatse dab da bayan ɗan tsere Marcel Hirscher yana tsaka da gudu, har hukumar wasan ta duniya, FIS, ta hana amfani da irinsa. Ran ɗan wasa ya fi kowane hoto. Sai dai wancan ƙaton inji ne mai nauyi da ke shawagi a saman hanya, na yanzu kuwa ƙanana ne, a baya suke bi, ɗan tsere na gaba. Ƙa'idar nauyi da tazara ce maganin wannan haɗari.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na masu cewa allon zai koma wasan kwamfuta. Wannan na iya faruwa idan aka cika shi da lambobi da kibiyoyi har suka rufe mutumin. Gudun kilomita 161.9 a awa da Johan Clarey ya yi a Wengen ta Suwizalan a 2013 lamba ce mai ban tsoro, amma ba ta nuna maka ƙuncin Haneggschuss, sashen hanyar da ya yi gudun a kai, da itatuwan da ke wucewa ta gefensa. Taswira a nuna ta kafin a tashi, kamar yadda ɗan tsere ke dubawa kafin gasa. Da ya fita daga ƙofa, a share allo a bar kyamara ta bi shi cikin gangaren.